Fankar Lagireto da Batirin Mota: Yadda Suke Aiki, da Illar Yi wa Fanka "Dairet"

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a kudancin Jigawa ke kaiwa digiri 40 har ya haura, ba abin mamaki ba ne a ga mota a gefen titin da ya taso daga Kano ya biyo ta Wudil da Kwanar Huguma zuwa Birnin Kudu, an ɗaga bonet, tururi na tashi, direba na neman jarkar ruwa. Idan hunturu ya shigo a Disamba da Janairu kuma sai labari ya sauya. Da asuba a murɗa makulli, mota ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru, sai jama'a sun taru sun tura.

Yawancin masu mota suna ɗaukar waɗannan a matsayin matsaloli biyu da ba ruwan ɗaya da ɗaya. Amma a motocin da suka fi zirga-zirga tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, irin su Golf 3 da Sharon da Corolla da Peugeot 406, igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Fankar da ke sanyaya injin waɗannan motoci da lantarki take juyawa, lantarkin kuwa daga batir da altaneto yake fitowa. Idan ɓangare ɗaya ya yi rauni, ɗayan ma zai ji a jikinsa.

Maganin da aka fi saba yi a garejin bakin titi shi ne a cire tamostat, a kuma haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa muddin mota na kunne. Shi ne ake cewa an yi mata "dairet". Kafin mai mota ya amince a yi masa haka, ya kamata ya san yadda abin yake aiki tun asali.

Daga ina zafin yake fitowa?

Injin mota wuta yake ƙonawa a cikinsa. A cikin kowace lita ta fetur da ya sha, abin da ke zama ƙarfin juya taya bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ba. Ragowar zafi yake zama. Wajen rabin wannan zafi yana fita ta salansa, sauran kuma ruwan lagireto ne ke da alhakin kwashe shi.

Akwai hanyoyin ruwa da aka ratsa a cikin jikin inji. Famfon ruwa yana tura ruwan ya zagaya ta cikinsu ya ɗebo zafi, sannan ya bi ta tiyo zuwa lagireto. Shi lagireto tarin siraran bututu ne da aka lulluɓe da ƙananan fukafukan alminiyam. Iska na ratsa fukafukan ta tafi da zafin, ruwa ya koma inji ya sake ɗebo wani.

A bakin hanyar ruwan akwai wata 'yar ƙofa mai suna tamostat. A cikinta akwai wani irin kaki da ke kumbura idan ya ji zafi. Lokacin da inji yake da sanyi ƙofar a rufe take, ruwa yana zagayawa a cikin inji kawai don ya yi saurin ɗumama. Idan zafi ya kai tsakanin digiri 80 zuwa 90, gwargwadon irin motar, sai ta fara buɗewa ruwa ya wuce lagireto. An ƙera inji ne ya yi aiki a tsakanin digiri 85 zuwa ɗan sama da 100. A nan ne mai yake ƙonewa da kyau, baƙin mai kuma yake gudana yadda ya kamata.

Murfin lagireto ma yana da nasa aikin. Yana riƙe matsin iska a ciki, kuma wannan matsi ne ke sa ruwan da ya saba tafasa a digiri 100 ya jure har wajen 120 bai tafasa ba. Murfin da robarsa ta mutu kaɗai ya isa ya sa mota ta riƙa tafasa ruwa alhali komai nata lafiya lau yake.

Yaushe ake buƙatar fanka?

Idan mota na gudu a buɗaɗɗen titi, misali daga Birnin Kudu zuwa Babaldu, iskar da ke bugun gabanta ta wadatar. Da zarar gudu ya kai kilomita 50 zuwa 60 a awa, wannan iska takan fi wadda fanka ke iya jawowa yawa. Fanka tana da amfani ne a inda mota ta tsaya ko take rarrafe: a layin lodi a tasha, a cunkoson ranar kasuwa a Sara, a layin gidan mai, ko a ƙofar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu inda direba ke zaune da esi a kunne yana jiran waɗanda ya kawo.

Manyan motoci da yawa, irin su Hilux, fankarsu a jikin inji take, bel ne ke juya ta. Ƙananan motocin da tayoyin gaba ke jan su kuwa, an kwantar da injinsu a gicciye ne, don haka bel ba zai iya juya fankar da ke fuskantar lagireto ba. Sai aka sa mata nata ƙaramin moto na lantarki. Ribar hakan ita ce fanka tana iya juyawa da cikakken ƙarfi ko da inji na silo, ta kuma tsaya cak idan babu buƙatarta.

Wa ke ba fanka umarnin tashi?

Abubuwa huɗu ne ke jere tsakanin batir da iskar da ke ratsa lagireto.

Na farko shi ne mai auna zafi. A Golf 3 da ire-irenta, wani makunni ne da aka ɗaura a jikin lagireto, kansa na cikin ruwa. Yana da mataki biyu: idan ruwa ya kai wajen digiri 95 ya tayar da fanka a hankali, idan ya haura 100 ya sa ta gudu da ƙarfi. A motocin da suka biyo baya, sensa ce a jikin inji ke aika bayani ga ƙwaƙwalwar mota, wadda makanikai ke kira burenbos, ita kuma ta yanke shawarar lokacin da fanka za ta tashi.

Na biyu rile. Fanka mai cin wuta ce sosai. Ana auna yawan wutar da ke bin waya da amfiya, kuma fanka ɗaya tana jan amfiya 10 zuwa 20, a lokacin tashi ma takan ja ninki biyu ko uku na haka na ɗan daƙiƙa. Siririyar wayar sensa ba za ta ɗauki wannan nauyi ba. Rile wani ɗan akwati ne da ƙaramar wuta ke shiga ta ja maganaɗisu, maganaɗisun ya haɗa bakin manyan wayoyi biyu, babbar wuta ta wuce. Ƙarar "ƙas" da ake ji kafin fanka ta tashi tasa ce.

Na uku fiyus, galibi mai amfiya 30 zuwa 50. Shi ne mai gadi. Idan wuta ta yi yawa sai ya ƙone kansa don waya ta tsira.

Na huɗu moton fankar da kansa, tare da wayar at da ke mayar da wuta jikin ƙarfen mota. A cikin moton akwai ƙananan burushi na gawayi da ke goga a kan abin da ke juyawa, kuma suna cinyewa a hankali gwargwadon awannin da fanka ta yi tana aiki.

Akwai wani abu da ke tayar da fanka ko da inji bai yi zafi ba, wato esi. Lagireton esi yana gaban na inji, shi ma iska yake buƙata. Shi ya sa a yawancin motoci da an kunna esi fanka ke tashi. Wasu motocin kuma, ciki har da Golf 3, fankarsu na iya ci gaba da juyawa ko ta tashi da kanta bayan an kashe mota an zare makulli. Haka aka ƙera su, kuma dalili ke nan da ya sa ba a cusa hannu kusa da fanka a injin da ke da zafi.

Batir rumbu ne, altaneto ne gona

Batirin mota tsohuwar fasaha ce. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro batirin darma da asid a 1859. Ya zama dole a mota bayan da kamfanin Cadillac na Amurka ya fara sa kik na lantarki a 1912, aka huta da murɗa inji da hannu.

A cikin batir akwai ɗakuna shida. Kowanne na ɗauke da farantan darma da aka tsoma a ruwan asid, yana ba da bolt 2.1. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin da ke tura wuta a cikin waya. Idan aka tara shidan sai a samu 12.6, wanda shi ne alamar batir cikakke. Lambar da ke jikinsa, kamar 45 ko 62 ko 75, tana nuna yawan wutar da zai iya adanawa. A ƙa'ida, batir mai lamba 60 zai iya ba da amfiya 3 na tsawon awa 20.

Babban aikin batir bai wuce na 'yan daƙiƙu ba. Kik yana jan amfiya 100 zuwa 200, wani lokaci fiye, don ya juya inji. Da inji ya tashi, sai altaneto ya karɓi ragama. Bel ne ke juya shi, yana samar da wutar da fitilu da famfon mai da ƙwaƙwalwa da fanka ke sha, ya kuma mayar wa batir abin da kik ya ɗiba. Akwai wani ɗan abu a cikinsa da ke daidaita ƙarfin wutar tsakanin bolt 13.8 zuwa 14.5.

Inda gizo ke saƙa shi ne, lambar da aka rubuta a jikin altaneto, amfiya 70 ko 90 a irin waɗannan motoci, sai inji na gudu sosai ake samunta. A silo abin da yake bayarwa kan sauka zuwa wajen rabi. A ɗauki motar da ke tsaye da daddare tana jiran fasinja. Manyan fitilu biyu masu wat 55 kowace suna cin kusan amfiya 9. Famfon mai da fulogi da ƙwaƙwalwa suna cin 10 zuwa 15. Esi da fankarsa ta cikin mota suna cin wajen 15. Idan aka ɗora fankar lagireto da ke gudu da cikakken ƙarfi, jimilla ta haura 50. Altaneton da ke ba da 40 a wannan lokaci ya gaza ke nan, kuma daga rumbu ake cike giɓin. Motar da ke yin haka kullum, ga gajerun tafiye-tafiye a cikin gari, batirinta ba ya taɓa cika.

Batirin da ya daɗe bai cika ba, wani farin gishiri yana daskarewa a kan farantansa ya rage masa ɗaukar caji har abada. Shi kuma raunin wuta yana komawa kan fanka. Idan altaneto ya gaji ko kan batir ya yi tsatsa, fanka za ta juya amma a sanyaye, ido ya ga tana aiki alhali iskar da take ja ba ta isa ba.

Me ke faruwa idan an yi dairet?

Ba da mugun nufi makanikai ke yin dairet ba. Direba na tsoron ƙonewar gasket, sensa ta asali na da wuyar samu a ƙauye, jabu sun cika kasuwa, kuma jan waya ɗaya ya fi binciken awa biyu sauƙi. Idan fanka ta ƙi tashi a tsakanin Gwaram da Basirka da rana tsaka, haɗa ta kai tsaye don a isa gari dabara ce mai kyau. Matsalar ita ce a bar ta haka wata da watanni.

Fankar da aka ƙera don ta yi aiki jefi-jefi yanzu tana juyawa daga tashi har kashewa, har a kan babban titi inda ba ta ƙara komai. Burushinta na saurin cinyewa, kuma ranar da ta mutu ba za ta yi sallama ba. Altaneto na ɗauke da ƙarin nauyi a kowane lokaci, shi kuma inji ne ke juya shi, wato daga tankin mai ake biyan kuɗin. Sau da yawa siririyar waya ake amfani da ita, babu rile babu fiyus, a jona ta a makullin mota. Irin wannan waya tana ɗumama, robarta ta narke, kuma tana cikin abubuwan da ke tayar da gobara a ƙarƙashin bonet. Idan kuwa a jikin batir aka jona ta da makunnin hannu, ranar da direba ya manta bai kashe ba, fanka mai cin amfiya 15 za ta kwantar da batir mai lamba 60 a cikin awa biyu zuwa uku har kik ya kasa juyawa.

Cire tamostat ya fi wannan illa. Hujjar da aka saba kawowa ita ce an ƙera motar ne don ƙasashen sanyi. Amma tamostat ba ruwansa da zafin gari. Yana buɗewa ne a sama da digiri 80, zafin bazara kuwa bai wuce arba'in da 'yan kai ba. Motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai, inda zafi ya fi na Jigawa, duk da tamostat ɗinsu suke zuwa.

Injin da babu tamostat, ga fanka na hura shi ba tsayawa, yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, musamman da safiyar hunturu. Ƙwaƙwalwar mota tana ganin inji da sanyi sai ta ci gaba da ƙara masa fetur kamar yanzu aka tayar da shi. Tun bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, babu direban da ke da fetur ɗin zubarwa. Rarar fetur ɗin kuma tana wanke baƙin man da ke jikin silinda, ta gangara ta tsinka wanda ke ƙasa, fulogi su yi baƙi, zoben fistin su riƙa cinyewa kafin lokacinsu.

Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba. A injuna da dama, tamostat aiki biyu yake yi: yayin da yake buɗe hanyar lagireto, yana toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji kai tsaye. Idan aka cire shi, gajeriyar hanyar na nan a buɗe, wani kaso na ruwan ya riƙa kauce wa lagireto. Irin wannan mota tana iya yin sanyi fiye da kima da safe, sannan ta yi zafi da rana idan an yi mata lodi.

Mafi muni, dairet yana ɓoye ciwon asali. Idan lagireto ne ya toshe ko famfon ruwa ya gaji, ciwon na nan yana girma.

Zafi, ƙura da damina

Ana yawan zargin sanyi da kashe batir, amma zafi ne ke yin ɓarnar, sanyi ya zo ya tona asiri. Zafi yana busar da ruwan batir, yana kuma sa farantansa su zaizaye da wuri. Ƙiyasin da masana batir ke amfani da shi shi ne, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage rayuwar batirin darma da kusan rabi. Batirin da bazara ta raunana yakan lallaɓa har damina ta wuce. Da safiyar hunturu, lokacin da baƙin mai ya yi kauri kuma batir ba shi da kuzari, sai ya durƙushe.

Idan batir mai murfi ne, a riƙa duba ruwansa ya rufe farantai. Abin da ke ƙafewa ruwa ne, asid ɗin na nan, don haka tataccen ruwan batir ake ƙarawa. Ƙara asid ko ruwan rijiya yana gajarta masa kwana. A kuma ɗaure shi da kyau, domin girgizar hanyoyin ƙauyukan Gwaram tana kakkaɓe farantai. Masu cire batirin mota su kunna talabijin ko cajin waya da daddare su sani cewa ba don haka aka ƙera shi ba. Batirin sola ne ke jure a zuƙe shi a sake cikawa kullum.

Ƙurar hunturu da ƙaiƙayin kaka suna cushewa a fukafukan lagireto, musamman a tsakaninsa da na esi inda ido ba ya gani. Ana wanke su da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba, inji a sanyaye. A cikin lagireto kuma, ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin ƙanzo da tsatsa masu toshe bututu. Ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa a galan yana ɗauke da sinadarin hana tsatsa, yana kuma ɗaga matakin tafasa.

Da damina haɗarin daban ne. Idan mota ta shiga ruwa mai zurfi fanka na juyawa, fukafukanta na roba suna iya karyewa ko su lanƙwashe su yanki lagireto, laka kuma ta shiga moto ta ƙame shi. Fankar da aka yi wa dairet ta fi fuskantar wannan, tunda ba ta taɓa tsayawa.

Yadda ake gano inda matsala take

Tambayar farko ita ce: yaushe motar ke yin zafi? Idan a tsaye ko a cunkoso allura ke hawa, ta sauka da an hau babban titi, to a nemi fanka. Idan kuma a kan gudu ko da lodi take hawa, da wuya laifin fanka ne. A duba lagireto, famfon ruwa, tamostat da ya maƙale a rufe, ko gasket ɗin kan inji.

Idan zargi ya faɗa kan fanka, mai gyaran wutar mota, wato riwaya, zai iya bi daki-daki daga mai araha zuwa mai tsada:

1. A duba yawan ruwa, inji a sanyaye. Idan ruwa ya yi ƙasa ko iska ta shiga, mai auna zafi ba ya cikin ruwa, ba zai tayar da fanka ba ko da inji na ƙuna.
2. A kunna esi. Idan fanka ta tashi, motonta na da rai, sai a koma kan sensa ko makunni.
3. A duba fiyus. Idan ya ƙone a sa mai lamba iri ɗaya. Idan ya sake ƙonewa akwai dalili. Naɗa waya a gurbinsa cire mai gadi ne.
4. A musanya rile da wani irinsa da ke cikin akwatin don gwaji.
5. A cire soket ɗin fanka a ba ta wuta kai tsaye daga batir na ɗan lokaci. Idan ba ta juya ba, ko sai an buga ta, moton ya gaji.
6. A duba soket da wayar at ko sun yi tsatsa ko sun narke.
7. Idan an taɓa canza fanka, a tabbatar iskar tana tafiya daga gaban mota zuwa wajen inji. Juya wayoyi biyun yana sa ta hura baya, ta riƙa faɗa da iskar hanya. Gidan robar da ke kewaye da ita ma kada a yar da shi, shi ne ke tilasta iska ta bi ta cikin lagireto.

Batir da altaneto kuwa, ƙaramar mitar gwajin lantarki ta isa. Bayan mota ta kwana, bolt 12.6 cikakke ne, 12.2 wajen rabi, ƙasa da 12 kuma ya kusa ƙarewa. Yayin buga kik bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba. Inji na aiki a ga 13.8 zuwa 14.5, kuma kada ya zube sosai idan an kunna fitilu da esi. Idan ya haura 15, altaneto na dafa batir. Al'adar cire kan batir mota na kunne don gwada altaneto ta dace da motocin da, amma a mota mai ƙwaƙwalwa tana iya sa wuta ta yi tsalle ta ƙona kayan da suka fi batir tsada nesa ba kusa ba.

Wajen cire batir, ana fara kwance wayar da ke da alamar ragi, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. Batirin da ke caji yana fitar da iska mai kama wuta, don haka a nisanta ashana da sigari.

Idan allura ta hau a hanya

Direba ya kashe esi, ya kunna hita har ƙarshe idan tana aiki, domin ita ma ƙaramin lagireto ce, sannan ya nemi wuri ya tsaya. Kada a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce, aƙalla rabin awa, saboda ruwan da ke ƙarƙashin matsi yana fesowa ya ƙona fuska da hannu. Kwara ruwan sanyi a kan inji mai zafi na iya sa kansa na alminiyam ya karkace ko ya tsage.

Idan jar fitila mai hoton batir ta kama a das-bod kuma allurar zafi ta fara hawa a lokaci guda, a tsaya nan take. A motoci da yawa bel ɗaya ne ke juya altaneto da famfon ruwa, kuma wannan alama ce ta ya tsinke. Tafiyar 'yan mintuna a haka ta isa ta ƙona gasket.

Sababbin motoci ma ba su tsira ba

Motocin haibirid irin su Toyota Prius, wadda ta fara fitowa a Japan a 1997, da ma masu aiki da lantarki zalla, galibi suna ɗauke da ƙaramin batir mai bolt 12 wanda ke tayar da ƙwaƙwalwa. Idan ya mutu mota ba za ta tashi ba ko da babban batirin cike yake. Babban batirin Prius kuma yana da tasa fankar da ke jan iska daga cikin mota ta wata kafa kusa da kujerar baya. Ƙura ko kaya suka toshe kafar, batirin ya riƙa zafi yana tsufa da wuri. Duk mai shirin kawo irin wannan mota yankin da ke shan ƙura kamar kudancin Jigawa, share wannan fanka ya shiga jerin ayyukan sabis.

Sensa da rile da fiyus da tamostat suna cikin kayan mota mafi araha, kuma ana samun na asali a manyan kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano. Gyaran kan inji da ya ƙone, ko sayen sabon batir duk shekara, ya ninka kuɗinsu sau da yawa, ban da kwanakin da motar haya za ta yi a gareji ba ta kawo ko sisi. Mai motar da aka riga aka yi wa dairet zai iya sa a mayar da tamostat, a gyara layin fanka da rile da fiyus ɗinsa, sannan a bar inji ya yi silo ana kallo. Idan fanka ta tashi da kanta, ta yi minti ɗaya ko biyu ta tsaya, allura kuma na zaune a tsakiya, to mota ta dawo yadda aka ƙera ta. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne Fabrairu, kafin bazara ta kankama.